Burukutu: sunan da muke liƙa wa duk abin da ya sa maye

Tun da hukumar NAFDAC ta ce daga ƙarshen Janairun 2024 ba a yarda a ƙara ɗura barasa a 'yan ledoji da ƙananan kwalabe ba, kalmar burukutu ta samu kasuwa a gidajen rediyonmu. Mai fassara labarai ya ga an rubuto masa barasar leda, sai ya ce burukutu. An kama matasa da jarkar ogogoro, tatacciyar barasar nan ta kudu, burukutu. Ɗan siyasa na son ya ci mutuncin abokin hamayya, sai ya ce magoya bayansa 'yan burukutu ne. Kwanakin baya ina cikin mota na ji wani mai gabatar da shiri yana cewa "burukutun leda", har da maimaitawa don kada mu manta. Direban ya dube ni don na yi tsaki da ƙarfi, na ce masa ba da shi nake ba.

Babu wani abu wai shi burukutun leda. In ka ɗura burukutu a leda ka liƙe bakinta, kafin gobe ta kumbura ta fashe, domin abin da ke ciki bai gama aiki ba, yana nan yana fitar da iska. Abin da ke cikin ledojin nan ruwa ne garau wanda aka tatso daga tururi, kuma ƙarfinsa ya ninka na burukutu sau da yawa. An yi musu kuɗin goro ne kawai saboda duka suna bugarwa.

Ba sai na tsaya bayanin hukunci ba, kowa ya san shi. Hadisin Abu Musa al-Ash'ari ya riga ya rufe ƙofar: ya tambayi Annabi (SAW) game da abubuwan sha biyu na mutanen Yaman, ɗaya na zuma, ɗaya na hatsi wanda suke kira mizru, aka ba shi amsa cewa duk abin da ke sa maye haramun ne. Mizrun nan kuwa ɗan'uwan burukutu ne na jini. To amma haɗuwa a hukunci ba ta mayar da abu biyu abu ɗaya ba. Mushe da naman alade duk an hana, ban taɓa jin wanda ya kira mushen akuya alade ba.

Burukutu giyar dawa ce da ake dafawa a gida, yawanci da jar dawa, kuma kusan ko'ina sana'ar mata ce. Ana yin ta a Filato, da kudancin Kaduna, da ƙasar Zuru, da Taraba da Adamawa, da ƙauyukan Maguzawa. Tana da 'yan'uwa a maƙwabta: fito a arewacin Gana, dolo a Burkina Faso, cukutu a Togo da Binin, bilbil a arewacin Kamaru da Cadi, marisa a Sudan. Bambancinta da fito bai wuce kauri ba. Fito ana tace shi sosai, burukutu kuwa da duhunta da gari-garinta ake sha, shi ya sa masu shan ke kaɗa ƙwarya kafin su kai baki.

Na ga yadda ake yin ta lokacin da nake bautar ƙasa a wani ƙauye a Filato, don katangar kara ce kawai tsakanin ɗakina da gidan wata dattijuwa mai wannan sana'a. Ban taɓa kai ta baki ba, amma mako-mako ina kallon aikin tun daga farko. Za ta jiƙa dawa ta kwana, ta tsane ta, ta baza a ƙasa ta rufe da ganye ko buhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana huɗu zuwa biyar sai ka ga kowace ƙwaya ta fitar da farin zare. Wannan shi ne tsiro, kuma shi ne abin da kamfanoni ke kira malt. Sai ta shanya shi ya bushe ƙarau, ta murje zaren ta sheƙe, a kai niƙa.

Murje zaren nan ba don kyan gani ba ne. Tohon dawa yana ɗauke da wani sinadari da ke sakin guba, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. Makiyaya sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi, shi ya sa ba sa barin shanu su afka wa gyauron dawa. Murjewa da doguwar dafuwa su ke rage shi.

Me ya sa sai an bari dawar ta tsira? Saboda yis ba ya cin sitaci, sukari yake ci. Ƙwayar dawa kuwa rumbu ce cike da sitaci da aka ajiye wa jaririn tsiro. Da ta ji ruwa ta fara tsira, sai ta samar da sinadaran da ke farfasa sitacin nan ya koma sukari don tsiron ya samu abinci. Mai dafa giya tana jira sai sinadaran sun fito, sai ta busar da ƙwayar ta katse mata hanzari, ta karɓe aikin. Masu kunun zaƙi da ke zuba tsiron shinkafa ko ɗanyen dankali a ƙullu mai zafi su ma wannan dabarar suke yi: kunu ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da an zuba sukari da yawa ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a gidan nan shi ne mataki na gaba. Tana dama garin tsiro da ruwan sanyi a babbar randa, ta bar shi ya kwanta. Sai ta ɗauki ƙwarya ta riƙa kwashe ruwan sama a hankali tana juyewa a wata tukunya daban, ba ta yarda ya ga wuta ba. Kaurin da ya rage a ƙasa shi take ɗorawa a murhu ta dafa har ya yi kamar talge. In ya ɗan huce, sai ta mayar da ruwan nan da ta ajiye ta gauraya. Na tambaye ta, "Mama, me ya sa ba za ki dafa su tare ba ki huta?" Ta ce, "Yaro, in na dafa ruwan sama na kashe shi." Iyakar amsarta ke nan.

Sai bayan shekaru na gane cewa ta faɗi daidai abin da masana ke faɗa da dogon turanci. Sitacin dawa ba ya narkewa sai ya ji zafi mai yawa, fiye da na sha'ir ɗin da Turawa ke yin giyarsu da shi. Su kuma sinadaran da ke mayar da shi sukari ba sa jure wannan zafin, lalacewa suke. Wato in ka dafa duka tare, sitaci ya nuna amma masu aikin sun mutu. In ba ka dafa ba, masu aikin na nan amma sitaci bai buɗe ba. Sinadaran suna narkewa ne a cikin ruwa, don haka matar ta kwashe su ta ɓoye, ta dafa sitacin shi kaɗai, sannan ta dawo da su. Lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da malt na sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya na Najeriya sun koma dawa, kuma wannan matsalar ta zafi tana cikin abin da injiniyoyinsu suka yi fama da shi. Tsohuwar da ba ta da ma'aunin zafi sai bayan hannunta ta gaji maganin daga kakarta. Ba na sha, ba na kuma kiran kowa ya sha, amma raina wannan ilimi da ake yi yana ba ni haushi.

Daga nan sauran ba wuya. Ana barin haɗin ya kwana ya yi tsami, irin tsamin da ke kama ƙullun koko, sai a sake tafasa shi na sa'o'i, a bar shi ya huce, a zuba masa ɗigon tsohuwar giya daga tukunyar da ta gabata. A cikin ɗigon nan yis yake. Kwana ɗaya zuwa biyu randa na kumfa tana ƙara kamar ana yayyafi a kan kwano. Duka aikin mako guda ne da 'yan kwanaki, kuma dole a sayar da wuri, don in ta ƙara kwanaki tsami ke cinye ta ta koma ruwan kal. Shi ya sa ake dafa ta a daidaita da ranar kasuwa.

A nan ne iyakar da masu rediyo ke tsallakewa take. Yis yana cin sukari ya fitar da iska da sinadarin maye, amma abin da yake fitarwa shi ke kashe shi. Yawanci in ya kai wajen kashi 14 ko 15 cikin 100 sai ya tsaya. Burukutu ma ba ta zuwa kusa da nan, galibi tana tsakanin kashi 3 zuwa 6 ne, kamar giyar kwalba. Ko giyar wake mai dafawa ta sha, ba za ta iya fitar da kashi 40 daga randa ba. Wanda ke son ya wuce wannan iyaka sai ya ɗauki abin da ya riga ya tsimu ya ɗora a wuta a rufaffiyar ganga. Sinadarin maye yana tafasa a digiri 78, ruwa sai 100, don haka shi ke fara tashi. Tururin ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi ya ɗiga a kwalba. Haka ake yin ogogoro daga bammi a kudancin Najeriya, da akpeteshi a Gana, da aragi daga dabino a Sudan. Wannan wata sana'a ce daban, da kayan aikinta daban.

Kuma Hausa ba ta rasa kalma ba. Giya ita ce ta hatsi da aka dafa aka tsima. Barasa a asali ita ce mai ƙarfin nan ta kwalba da fataken Turai ke saukewa a bakin teku, wadda yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta ba da damar hana shigar da ita wasu yankuna, Turawan mulki kuma suka sa Arewa a cikinsu. Yau mun cakuɗa giya da barasa har ba mai rarrabewa, na kuma haƙura da wannan. Burukutu ce dai nake roƙo a bar mata ma'anarta.

Tunda an zo kan asalin kalma, bari in sauke wani nauyi. Ana yawo da wani saƙo a WhatsApp cewa kalmar alkohol, sunan da Turawa ke kiran sinadarin maye, daga "al-gaul" take, wai aljani mai cin jiki, har a jawo ayar Suratus Saffat da ta ce abin shan Aljanna babu gaul a cikinsa. Daɗin ji gare shi a wa'azi, amma ba nan ta fito ba. Daga al-kuhl take, wato kwallin da mata ke sa wa a ido. Masanan Turai na da sun ari kalmar suna nufin duk garin da aka niƙa ya yi laushi matuƙa, daga baya ta koma nufin tataccen jigon kowane abu. A ƙarni na 16 aka fara cewa "kwallin ruwan inabi", ana nufin abin da aka tatso daga tururinsa. Da tafiya ta yi nisa sai inabin ya faɗi, kwallin ya rage. Wato ita kanta kalmar da tatsar tururi aka haife ta, ba da randa ba.

Wani zai ce duk wannan wasa da kalmomi ne. A Afrilun 2015 mutane sun riƙa mutuwa a Ode-Irele ta jihar Ondo, da ciwon kai da makancewa farat ɗaya, har aka fara cewa fushin abin bauta ne. Bincike ya nuna gubar metanol ce a cikin ogogoro. Bayan wata biyu irin haka ta kashe kusan mutum 70 a jihar Ribas. Metanol ɗan'uwan sinadarin maye ne, kamanninsu ɗaya, warinsu kusan ɗaya, amma kama da wane ba wane ba ne. Hanta na mayar da shi wani asid da ke cin jijiyar ido, kuma ɗan kaɗan ya isa ya makanta mutum. Hatsi da aka tsima ba ya samar da shi sai ɗan mitsitsi. Yawancin irin wannan annoba daga masu haɗama take, waɗanda ke sirka barasa da sinadarin masana'anta don ya fi arha. Mutumin da ya sha irin wannan yana iya yin rabin yini ko fiye lafiya lau kafin ido ya fara dishi-dishi, kuma yana buƙatar asibiti nan take. In rediyo ta ce masa "burukutu ta kashe mutane", shi kuma ya san abin da ya sha fari ne tas daga jarka, zai juya ya ci gaba da barcinsa.

Masu shan burukutu su ma suna da tasu ruɗanin, kuma ba zan ƙyale su ba. Za ka ji suna cewa ai abinci ce, dawa ce kawai. Gaskiya akwai sauran abinci a cikinta, manomi na iya yini a kanta. Amma ba da ƙaramin kofi ake shan ta ba, da ƙwarya ake sha, ana zagayawa tun hantsi har la'asar, kuma hanta jimilla take lissafawa. Ga dawar da ta yi fumfuna a ajiya, ga tsatsar gangunan ƙarfe da suka maye gurbin tukwanen ƙasa, tsami na narkar da ita cikin abin sha. Ga kuma abin da ya fi muni a 'yan shekarun nan: wasu na tsiyaya mata barasa mai ƙarfi don ta fi bugarwa. Mutanen Jos suna da suna na musamman ga haɗe-haɗen barasar da ta addabi matasansu, goskolo, kuma ban taɓa jin ɗan Jos, Musulmi ko Kirista, ya kira goskolo burukutu ba. Dattijuwar nan maƙwabciyata ma ba ta barin mai warin goskolo ya zauna a bencinta. Cewa take yana kore mata tsofaffin masu ciniki, kuma ba ya biyan bashi.