Babur da motar da aka yi wa kwaskwarima: amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Aikina bin takardun ababen hawa ne a nan Damagaram, kafin nan kuma na daɗe a garaji. Tambayoyin da ke ƙasa su ne dai kullum, a fada, a waya, har a wurin ɗaurin aure ana jan hannun rigata. Na rubuta su sau ɗaya. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Dole sai da permi zan hau babur? Ai na iya tun ina yaro.

Dole ne. Iyawa daban, takarda daban.

Hular kwano fa, ko daga Birni zuwa kasuwar Dole?

Ko daga ƙofar gidanku zuwa wurin mai shayi. Na san zafin watan Afrilu, ni ma a garin nan nake. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular da aka sa daidai tana rage haɗarin rauni a kai da kusan kashi 70 cikin ɗari. Daidai ɗin na nufin a ɗaure igiyar a haɓa, ba a rataya ta a madubi sai an hango shinge ba. Lokacin da Najeriya ta fara tilasta sa hula a farkon 2009 an ga masu kifa ƙwarya a ka, muka yi ta yi musu dariya. Hular ƴan gini da wasunku ke sawa ba ta fi ƙwaryar ba.

Na huda salansata don ta riƙa ƙara. Babur nawa ne, ina ruwan hukuma?

Ƙanena, babur naka ne, kunnen jama'a ba naka ba ne. Dokar hanya ta Nijar ta 2014 ba ta tsaya a kan permi kaɗai ba, har lafiyar abin hawan ta shafa, kuma hukumar gari tana da ikon tsawatarwa a kan duk abin da ke hana mutane sakat. Ku ne masu rakiyar amarya da dare kuna tada jarirai, in an kwashe baburanku ku ce an tsane ku.

Bar ma batun doka. Ka kwance fulogin babur ɗinka ka duba bakinsa. In ka gan shi fari fat, alama ce iska ta yi wa mai yawa, domin ka buɗe mafitar hayaƙi ba ka daidaita kafireto ba. Inji zai riƙa zafi, bawul ya ƙone, ka dawo wurin bakanike kana cewa man ruwa-ruwa ne ya ɓata maka.

Amma a Amurka kowa yana yin abin da ya ga dama da motarsa, muna gani a YouTube.

Kuna ganin motar, ba ku ganin takardunta. Abin da suke kira hotrod ya samo asali ne a kudancin Kalifoniya tun shekarun 1930: samari su sayi tsohuwar Ford, su cire mata duk wani nauyi, su ɗora mata inji mai silinda takwas, su je busassun tafkuna su yi tsere. Da tseren kan titi ya ishi ƴan sanda da jama'a, a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar masu tseren mota ta NHRA don a koma fili na musamman mai ƙa'ida. Su kansu masu abin ne suka nemi tsari.

Yau a Kalifoniyar, motar fetur ƙirar 1975 ko kafin nan ba a yi mata gwajin hayaƙi, ta 1976 zuwa sama kuwa ana yi. In ka sauya wa irin wannan inji, sai ya kasance sa'an motar ko wanda ya fi ta sabunta, da duk kayan tace hayaƙinsa, kuma sai jami'in jiha ya duba ya amince. Hular kwano dole ce a Kalifoniya, a jihohin Ayowa da Ilinoi babu dokar. Ƙasa ɗaya ke nan, kowace jiha da nata. A Jamus, in ka taɓa wani muhimmin sashe na mota sai masu bincike irin su TÜV sun duba an shigar a takarda. Faransa ma ta fara yi wa babura bizit, wato binciken lafiyar abin hawa, a Afrilun 2024. Ku daina kawo mini Turawa a matsayin hujja.

Injina ya mutu, na samo wani daga Kano zan ɗora. Takarduna suna nan daram?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma amsarta ta danganta da abin da ka ɗora.

Ɗauko katgiris ɗinka, wato takardar rajistar abin hawanka, ka karanta, yawancinku ba ku taɓa yi ba. Akwai sunan kamfani, da samfuri, da lambar shasi, da irin man da take sha, da ƙarfin inji, da yawan kujeru. A wurin hukuma wannan rubutun shi ne motarka. In injin da ka sayo ƙanin wanda ya mutu ne, samfuri ɗaya, ƙarfi ɗaya, mai ɗaya, to galibi babu abin da ya sauya a rubutun, kuma da wuya ka sha wahala. Duk da haka ka riƙe rasit, da sunan shago da lambar injin a jiki, da shaidar cewa ya bi ta duwan, wato kwastan. Inji kaya ne da ya tsallako iyaka, kuma ana iya tambayar ka ta ina ya shigo.

In kuwa ka cire na fetur ka sa na gazuwal, ko ka ɗora wa ƙaramin babur injin da ya fi nasa girma, ko ka yanke bayan mota ka mai da ita akori-kura, to takardar tana bayanin wata mota ce da babu ita. Hanyar da ta dace ita ce ka je ofishin sufuri na jiha ka sanar, a duba, a gyara katgiris. Na fi so ka je kafin ka ɗora, domin akwai sauyin da za a karɓa, akwai wanda za a ce a'a, kuma gara ka ji a'ar kuɗinka na aljihu. Za ka ce mini wane ya yi shekaru da injin gazuwal ba wanda ya tanka masa. Haka ne, yana faruwa. A shinge ba kullum ake buɗe bonet ba.

Ranar hatsari ake buɗewa. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin kundin inshora na CIMA, wato dokar inshora ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wanda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma sashe na 200 ne ya wajabta inshorar ɓarnar da za ka yi wa wani. Kuɗin da kake biya an lissafa shi ne a kan ƙarfin inji, da irin mai, da aikin da abin hawan ke yi. In waɗannan sun sauya ba ka faɗa ba, kamfani ya samu ƙofa: yana iya rage abin da zai biya, yana iya cewa yarjejeniyar ta ɓaci in ya tabbatar da gangan ka ɓoye, ko ya biya wanda ka buge sannan ya juyo kanka. Wanne zai faru, ya danganta da abin da ke rubuce a takardarka da kuma yadda shari'a ta kaya. Haka nan wanda ya yanki inshorar hawa na kansa ya shiga kabu-kabu da babur ɗin.

Sai abin da ya fi duk waɗannan tada mini hankali, wato lambar shasi. A babur tana nan a wuya, ƙarƙashin kan, an buga ta cikin ƙarfe. Hanyoyinmu na karkara suna tsaga wuyan babur, musamman mai ɗaukar buhu uku daga kasuwar ƙauye. Sai ka kai wa mai walda, ya narka ƙarfe a kan lambar, ya goge da injin gurza, mai fenti ya zo ya shafe sauran. Babur ya yi kyau, lambobi uku sun tafi. Daga ranar, duk jami'in da ya duƙa ya shafa wurin da yatsa, sata zai fara zargi, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Kafin a kunna wuta ka ɗauki hoton lambar, ka tsaya a kan mai walda ya kauce mata. In tsagar ta bi ta kanta babu makawa, je ka sanar tukuna. Kada ka yarda wani ya ce zai sake buga maka ita da guduma, wannan daga tara ya koma batun kurkuku.

Kuma wanda ya ƙara ƙarfin inji ya bar birkin da ya zo da shi, ban san me zan ce masa ba.

Takarduna na Nijar sun cika. Ina iya shiga ko'ina ke nan?

A'a, kuma a nan ne masu takardu ke faɗawa rami. Takarda ta ƙasa ce, amma gwamna yana da ikon hana zirga-zirga a jiharsa idan akwai dokar ta-ɓaci. A Fabrairun 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Boso da Difa, an hana hawa babur a jihar Difa. Kana wuce Gure ka doshi Gudumariya, ka fita daga hurumin Damagaram. A jihar Tillaberi an yi irin hanin daga Janairun 2020.

Ƙetaren iyaka ma haka. Maiduguri ta hana babura a 2011. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A 2021 jihar Katsina, wadda ita kake fara takawa in ka bi Matamaye da Ɗan Barto ka shiga Kongolam, ta hana goyon mutum uku da sayar da fetur a jarka. Irin waɗannan dokoki ana sassauta su, a dawo da su, wani lokaci a rediyo kawai za a sanar. Kafin ka tashi, je tasha ka tambayi direban da ya dawo jiya, ba abokinka da ya je bara ba.

Katin inshorar CEDEAO yana aiki har yanzu?

An kafa tsarin wannan katin na tsallaka iyaka a 1982, Nijar kuma ta kammala fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. Kada ka tsaya zato. Je wurin kamfanin inshorarka, su nuna maka a rubuce cewa Najeriya na ciki, sannan ka tsallaka.

Na samu babur ƙirar Boxer da araha, sai dai ba takardar duwan.

Araha ba ta ado. Mayar masa.

Baƙin gilashi, fitila mai walƙiya, jiniya?

Kai motar asibiti ce? Cire jiniyar da fitilar. Baƙin gilashi kuwa, a Najeriya akwai doka a kansa tun 1991, sai da izinin ƴan sanda. A nan ma shi ne abin da zai sa a fara tsayar da kai kafin kowa.

An kwashe babur ɗina an kai furiyer, inda ake ajiye ababen hawan da aka kama. Ya tafi ke nan?

Kwantar da hankalinka, bai tafi ba. Ka je da katin ɗan ƙasa da katgiris da inshora, ka yi magana da ladabi, ka biya tara a inda ake biya, ka karɓi rasit. Kada ka bar shi ya kwana da yawa, rana da ƙura ba sa raga wa taya da batir. Kuma kada ka tara ƴan fadarku ku tafi da hayaniya, kai kaɗai da babban yayanka kun isa.

Yaya, za ka iya yi mini takardu ba sai na kawo babur ɗin ba?

A'a. Kawo shi, in ga wuyansa da idona.