Waiwaye: Sunayen Farkon Fim, Daga Labule Zuwa Yatsa

A gidajen kallo na Gombe, zamanin da kaset ke tashe, lokacin wucewar sunaye shi ne lokacin neman wurin zama. Mai karɓar kuɗi yana bakin ƙofa, mai gyaɗa tana zagayawa, wani daga bencin baya yana cewa, "Malam, tura gaba mana, sunaye za mu ci?" Amma da sunan jarumi ya bayyana tare da kiɗa, sai ɗaki ya kaure da shewa, har shi mai ƙorafin.

Wannan raini ba mu muka fara shi ba. A Amurka ma an daɗe ana ɗaukar sunaye tamkar takardar sanarwa, har wasu masu injin silima ba sa yaye labule sai sun ƙare. Wanda ya sauya lissafin shi ne mai zane Saul Bass, a 1955, da fim ɗin Otto Preminger mai suna The Man with the Golden Arm, labarin wani da ƙwaya ta kama. A wurin sunayen, fararen layuka ne a kan baƙin allo, suna shiga suna fita da kiɗa, daga ƙarshe suka haɗu suka zama karkataccen hannu. Kafin a ga fuskar kowa, mai kallo ya riga ya ji cewa akwai matsala. Nan gizo ke saƙa: ka ɗanɗana wa mutum yanayin labari ba tare da ka ba shi labarin ba.

A 1962 wani mai tsara farkon fim, Maurice Binder, ya zo da bakin bindigar da ke bin James Bond, Bond ya juyo ya harba, jini ya gangaro. George Lucas kuwa a 1977 ya tura sunayen 'yan wasa da darakta ƙarshen Star Wars. Da aka maimaita haka a kashi na biyu a 1980, ƙungiyar daraktoci ta ci shi tara. Ya biya, ya fice daga cikinta.

Mu nan idonmu ya fi sabawa da na Indiya, mai farawa da takardar shaidar hukumar tace fina-finai. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama a Kano daga 1990, sai farkonsa ya zama dandalin zumunci: tallan fina-finai masu zuwa, ɗaukar nauyi, shiryawa, ba da umarni, wani lokaci har da godiya ta musamman ga Alhajin da ya ba da aron gida da mota. Yaba kyauta tukwici ne, ban musa ba, amma ba Alhaji muka zo kallo ba.

A 2017 manhajar kallon fina-finai ta Netflix ta sa maɓallin tsallake gabatarwa. Mai kallo a YouTube ma, da data ke zuba kamar ruwa a kwando, ba ya jiran kowa. A ganina abin da ya ceci masu fina-finanmu masu dogon zango shi ne waƙar buɗewa, da ɗan tuni kan inda aka kwana. Kwanan baya a unguwar Jekadafari ta Gombe na ga ƙanena ya kai yatsa zai tsallake, sai Inna ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce, "Kai, bar min waƙata."