Ba karaya ce ke sa a yanke ƙafa a asibiti ba

A Tahoua, idan kabu-kabu ya kayar da mutum ƙashin ƙwaurinsa ya karye, ƴan uwa kan hana a kai shi asibiti, wai likita da ya ga karaya sai yanka. Wannan tsoro tsoho ne, amma ya juya gaskiya baibai.

Ƙafar da ake yankewa yawanci ta mutu tun kafin ta iso. Idan aka ɗaure karare da tsumma tam a kan gaɓar da ke kumbura, jini ya daina ratsawa, naman kan fara mutuwa cikin kimanin awa 6, yatsu su yi sanyi, daga baya su yi baƙi. Masu ɗori suna dacewa da karaya mai sauƙi, amma wadda ƙashi ya huda fata tana buƙatar wanki a ɗakin tiyata da maganin ƙwayoyin cuta tun ranar farko.

Ƙarfen da likita ke sakawa a ƙashin da ya karye kuwa, wanda wasu ke tsoron zai yi tsatsa a jiki, ba ya tsatsa. Riƙe ƙashin yake yi a miƙe har ya haɗe da kansa, abin da kan ɗauki wata 3 zuwa 6 a ƙwaurin babban mutum.