Waiwaye: Yadda kiɗan rok ya shiga finafinan yaƙi ya ƙi fita

Duk mai kallon finafinan yaƙi na Amurka ya san wajen nan ko bai san sunan waƙar ba: jirage masu saukar ungulu sun jero a sama, ƙasa kore shar da gonakin shinkafa, wani soja ya zuro ƙafa ta ƙofa yana riƙe da mashinga, sai kawai jitar rok, wato kiɗan nan na Turawa mai jitar lantarki da ganguna, ta ɓarke da kuka. Da ka ji ka san Biyetnam ake nufi tun kafin a rubuta maka a allo. To wannan haɗin ba tun fil azal yake ba, kuma waɗanda suka ƙirƙiro shi sukar yaƙi suka yi niyya, amma a hankali abin ya juye ya koma kamar tallar yaƙin.

Finafinan yaƙin duniya na 2 ba haka suke ba. Can badujala ce da ganguna da gogen Turawa, kiɗan da zai sa ka ji kamar ka miƙe ka sara wa tuta. A The Bridge on the River Kwai na 1957 fursunonin yaƙi ne ma ke maci suna fito da baki. Ko fim ɗin farko babba da Holiwud ta yi a kan Biyetnam ana tsaka da yaƙin, The Green Berets na John Wayne a 1968, wannan tsohuwar hanya ya bi, ma'aikatar tsaro ta ba shi kayan aiki, waƙarsa kuma kirarin soja ce ta Barry Sadler wadda ta yi sati 5 tana ta ɗaya a Amurka a 1966. Masu sharhi sun yi kaca-kaca da fim ɗin, amma fa ya kawo kuɗi.

A filin daga kam labarin daban ne. Sojojin ƙasa na Amurka sun sauka Da Nang a watan Maris na 1965, zuwa 1969 sun haura 500,000, da yawansu samari ne da aka ɗebo a aikin soja na dole, kowa shekara 1 zai yi ya koma gida idan da sauran kwana, to yaro ɗan shekara 19 ko 20 da aka raba da budurwarsa da motarsa me kake zaton zai riƙe in ba waƙoƙin da ya baro ba. Ga ƙaramin rediyo mai batir ya yi araha, ga rikoda 'yar Japan a kantin bariki, ga tashar sojoji ta AFVN tana kiɗa daga Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu da Amurka ke mara wa baya. Ɗaya ɓangaren ma, 'yan kwaminis na arewa, sun gane haka, akwai wata mata a rediyon Hanoi, babban birninsu, Trinh Thi Ngo, sojojin suna ce mata Hanoi Hannah, ta sa musu waƙoƙin gida sannan ta karanto sunayen waɗanda aka kashe, don dai gwiwa ta yi sanyi. Waƙar ƙungiyar The Animals ta 1965, We Gotta Get Out of This Place, ba ma a kan yaƙi aka yi ta ba, maganar talaucin birni ce, amma sojoji suka mayar da ita tasu sabida abin da ke ransu kenan, a fice daga wajen nan.

Sai dai ba kowa ke jin rok ba, kuma nan ne finafinai suka yi mana ƙwange daga baya. Baƙaƙen fata sun fi jin James Brown da Aretha Franklin da Otis Redding, shi James Brown ɗin har Biyetnam ya je ya yi musu wasa a 1968. Fararen kudancin Amurka kuma kiɗan karkara suke so. A wuraren shaƙatawar soja har dambe akan yi a kan wane faifai za a sa, musamman bayan kisan Martin Luther King a Afrilun 1968.

A gida kuwa mawaƙan ne suka zama bakin zanga-zanga. A bikin kiɗa na Woodstock, Agustan 1969, Jimi Hendrix, wanda shi kansa ya taɓa zama sojan laima a runduna ta 101, ya ɗauki taken Amurka ya murɗe shi da jita har ya riƙa fitar da ƙarar bam da jiniya. A shekarar John Fogerty na ƙungiyar Creedence Clearwater Revival ya fitar da Fortunate Son, wadda habaici ce ga 'ya'yan sanatoci da masu kuɗi da ake nema wa hanya su zille, a tura ɗan talaka. Ku riƙe wannan waƙar, za mu dawo kanta.

Bayan The Green Berets Holiwud ta yi gum har yaƙin ya ƙare, Saigon ta faɗi ranar 30 ga Afrilu 1975, Amurkawa sama da 58,000 sun mutu, babu furodusan da ke son ya taɓa wannan miki. Abin da ya canza a tsakani shi ne salo: Easy Rider na 1969 da American Graffiti na 1973 sun nuna za ka iya haɗa fim da waƙoƙin da ke kasuwa kawai ba sai ka ɗauko makaɗa sun tsara sabo ba, kuma matasa su cika sinima. Sai a 1978 Hal Ashby ya yi Coming Home, labarin sojan da ya dawo a keken guragu, tun daga farko har ƙarshe Rolling Stones ne da Beatles da Hendrix ke tashi kamar an bar rediyo a kunne a asibitin.

Amma wanda ya kafa abin da gaske Francis Ford Coppola ne da Apocalypse Now a 1979. A Filifins ya ɗauka, da jiragen da gwamnatin Marcos ta ara masa, waɗanda akan janye ana tsaka da aiki a tafi yaƙar 'yan tawaye na gaske. Fim ɗin ya buɗe da daji yana kamawa da wuta, muryar Jim Morrison na The Doors tana rera The End, wato ka fara fim da waƙar da ke cewa ƙarshe ya zo. Abin mamaki wajen da aka fi tunawa a fim ɗin ba rok ba ne sam, kiɗan Wagner ne na Jamus, wanda wani kanar mai taɓin kai ya sa aka ɗaura lasifika a jirage ana watsa shi lokacin da za a afka wa wani ƙauye. Coppola so yake ka ji ƙyama. Matsalar ita ce ya ɗauki wajen da kyau fiye da kima, jinin ɗan kallo tashi yake maimakon ya yi sanyi.

Daga 1986 sai ƙofa ta ɓalle. Oliver Stone, wanda shi ya yi yaƙin da kansa a 1967 zuwa 1968, ya yi Platoon ya ci Oscar, kuma a ganina shi ya fi kowa amfani da kiɗa da hankali: ya raba rundunar biyu, ɓangare ɗaya suna cikin rami suna busa wiwi suna rawa da waƙar Smokey Robinson, ɗaya ɓangaren suna shan giya suna karta da waƙar karkara ta Merle Haggard, ba sai an yi maka bayani ba ka san Amurka biyu ce a tanti guda. Ita waƙar Haggard ɗin ma sai 1969 ta fito alhali labarin a 1967 ya fara, amma wa ya damu. Stanley Kubrick a Full Metal Jacket na 1987, wanda a Ingila aka ɗauka a wata tsohuwar masana'antar gas, shi gangan ya zaɓi waƙoƙin shirme na rawa ya ɗora a kan gawarwaki. Good Morning, Vietnam na shekarar ya ɗauko labarin mai gabatar da shiri a rediyon soja, Adrian Cronauer, ya sa muryar Louis Armstrong tana yabon kyawun duniya ana nuna bam na tashi.

Talabijin ta bi sahu da finafinai masu dogon zango. Tour of Duty a tashar CBS daga 1987 zuwa 1990, kowane sati da Paint It Black ta Rolling Stones yake buɗewa. China Beach a ABC daga 1988 zuwa 1991 ya kalli yaƙin ta idon ma'aikatan jinya mata, da waƙar The Supremes. Nan ne za ka gane yadda kuɗi ke cikin harkar, don lasisin waƙoƙin na nunawa a talabijin kawai aka saya, da aka zo fitar da Tour of Duty a DVD a Amurka sai aka cire waƙoƙin aka cusa wani kiɗan na daban, masoya suka yi ta ƙorafi cewa an zare wa shirin rai, shi kuwa China Beach sai 2013 ya samu fitowa bayan an sha fama da masu haƙƙin mallaka.

Kuma kuɗin ne ya sa wasu waƙoƙi ƙalilan suka mamaye ko'ina. Samarin 1968 sun zama magidanta masu albashi a shekarun 1980, suna sake sayen waƙoƙin ƙuruciyarsu a CD, kamfanoni suka ga kasuwa, kowane fim sai ya fito da faifansa. Fogerty kuwa ba shi ke da ikon waƙoƙinsa ba, tun yana yaro ya sa hannu a wata yarjejeniya da kamfanin Fantasy Records, to duk mai fim da ya zo da kuɗi sai a ba shi. Forrest Gump na 1994 ya ɗora Fortunate Son a kan jiragen nan, shi kenan ta zama hatimi. Daga baya har tallar wandon jins aka yi da ita, aka yanko baitin farko mai maganar ɗaga tuta aka yar da sauran da ke ɗauke da habaicin. A 2020 Donald Trump, wanda shi ma takardar likita ta ciwon ƙashin ƙafa ce ta hana a kai shi Biyetnam, ya riƙa sa ta a taron kamfe har Fogerty ya aika masa takardar gargaɗi. Sai a Janairun 2023 Fogerty ya samu ya sayi mafi yawan haƙƙin waƙoƙinsa.

Sojoji ma sun kalli finafinan nan fa. A ƙarshen Disamban 1989 da Manuel Noriega, mai mulkin soja na Panama, ya ɓuya a ofishin jakadancin Vatican, sojojin Amurka lasifika suka kewaye gidan da su suka yi ta antaya masa rok dare da rana har sai da Vatican ta yi ƙorafi, ya miƙa wuya ranar 3 ga Janairu 1990. Anthony Swofford, sojan kundumbala na ruwa da ya yi yaƙin Tekun Fasha na 1991, ya rubuta a littafinsa Jarhead cewa su finafinan Biyetnam ba hana su yaƙi suke ba, ƙara musu ƙaimi suke, kuma a fim ɗin littafin na 2005 an nuna su cike da zaure suna kallon harin ƙauyen nan na Coppola suna ihu suna bin kiɗan da baki. Can gaba a fim ɗin jirgi ya wuce yana kiɗan The Doors, jarumin ya yi tsaki, wai su ko kiɗan yaƙin nasu ma ba su da shi sai na iyayensu. A Falluja ta Iraƙi a 2004 an watsa kiɗan ƙungiyar AC/DC ta lasifika kafin farmaki, a Guantanamo kuma an yi amfani da waƙoƙin Metallica da ƙara mai tsanani wajen hana fursunoni barci. Kanar ɗin Coppola tatsuniya ne, waɗannan kuwa sun faru.

Shi ya sa wasu masu fim suka ja da baya. Generation Kill na HBO a 2008, a kan mamayar Iraƙi ta 2003, kusan babu kiɗan bayan fage a cikinsa, sai ƙarar rediyon oba-oba da sojoji suna rera waƙoƙin yayi da muryoyinsu marasa daɗi a cikin mota, kuma gaskiya ya fi tsoratarwa. Spike Lee a Da 5 Bloods na 2020 ya koma kan baƙaƙen sojoji da aka daɗe ana turawa gefen hoto, ya gina fim ɗin a kan faifan Marvin Gaye na 1971, What's Going On, wanda Marvin ya yi bayan ƙanensa Frankie ya dawo daga Biyetnam ya ba shi labari.

Waɗanda har yanzu ba a cika jin kiɗansu ba su ne masu ƙasar. A 1995 gwamnatin Biyetnam ta ce fararen hula kusan miliyan 2 da mayaƙanta miliyan 1.1 suka mutu, amma a yawancin finafinan nan ɗan Biyetnam inuwa ce a cikin ciyawa ko mace a bakin mashaya. Alhali suna da nasu mawaƙin, Trinh Cong Son, wanda ya rubuta ɗaruruwan waƙoƙi, mawaƙiya Khanh Ly tana rera su ga ɗalibai a Saigon, yana kukan uwa da gawar ɗanta ba tare da ya tambayi ɗan wane ɓangare ne ba. Gwamnatin kudu ta hana sa waƙoƙinsa don tana ganin suna kashe wa soja jiki, 'yan kwaminis da suka ci yaƙin su ma ba su yarda da shi ba, suka tura shi aikin gona na wasu shekaru. Ya rasu ranar 1 ga Afrilu 2001, dubban mutane suka raka gawarsa a birnin Ho Chi Minh, wato Saigon ta da, kuma wanda duk saninsa da yaƙin daga Platoon da Forrest Gump ne bai taɓa jin ko sunansa ba.