Dokar halatta tabar wiwi a Urugwai

Urugwai, ƙaramar ƙasa ce a Kudancin Amurka, kuma ita ce ta fara halatta noman tabar wiwi da sayar da ita ga masu sha don jin daɗi a faɗin ƙasa. Majalisar dattawanta ta amince da doka mai lamba 19.172 ranar 10 ga Disamba 2013, mutum 16 suka goyi baya, 13 suka ƙi, sannan Shugaba José Mujica ya sa hannu kafin watan ya ƙare.

Tun 1974 ba a hukunta wanda aka kama da ɗan abin shansa, amma sayarwa laifi ce. Wannan ya sa dole mashayi ya bi ta hannun dillalan ɓoye masu shigo da wiwi daga Faragwai, waɗanda kuma sukan tallata masa wani mugun dattin hodar iblis mai saurin lalata matasa. Gwamnati ba ta ce wiwi alheri ba ce. Hujjarta ita ce a ƙwace kasuwar daga hannun masu safara, kuma a nan ne ƙarfin dokar yake.

Ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin da ya kai shekara 18 yana iya shuka gindi shida a gida, ko ya shiga ƙungiyar manoma mai mambobi 15 zuwa 45, ko ya saya a kantin magani, giram 40 a wata. Hanya ɗaya kawai ake zaɓa, sai an yi rajista, kuma a kanti da zanen yatsa ake tantance mai saye. An hana talla, ba a kuma sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido.

Adawa ta yi yawa. Ƙuri'un jin ra'ayi na lokacin sun nuna yawancin jama'a ba sa so, abin da bai kamata a manta ba idan ana yabon dokar. Hukumar sa ido kan miyagun ƙwayoyi ta duniya ta ce an saɓa wa yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi. Likitoci da dama sun ji tsoron kada yara su ɗauka cewa abin da gwamnati ta yarda da shi ba ya cutarwa.

Sai a Yulin 2017 aka fara sayarwa, a kantuna 16 kacal. Ba a jima ba bankuna suka fara rufe asusun wasu kantunan saboda matsin lambar bankunan Amurka, inda dokar tarayya ta haramta wiwi. Wasu suka daina sayarwa, sauran suka koma cinikin kuɗi hannu.