Disney ko Universal? Ga amsa, a daina kirana da tsakar dare

Da zarar an kusa hutun ƙarshen zango sai wayata ta hana ni sakat. Ɗan'uwa, abokin ɗan'uwa, surukin maƙwabcin ɗan'uwa, kowa ya ji labarin ina zaune a Orlando, garin wuraren wasa da shaƙatawa na Disney da Universal a Amurka, kuma tambayar kowa ita ce ta wanda ya riga shi. Na gaji da yin saƙon murya na minti goma-goma. Ga amsoshin nan a rubuce, wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Disneyland ɗin nan a garinku yake?

A'a. Disneyland yana Kalifoniya, tun 1955. Namu sunansa Walt Disney World, a jihar Florida, an buɗe shi a 1971. Tsakaninsu tafiyar kusan awa 5 ce a jirgin sama. Ku karanta abin da ke jikin tikiti kafin ku biya.

Disney da Universal ba abu ɗaya ba ne?

Kishiyoyi ne. Kowa da kamfaninsa, kowa da ƙofarsa, tikitin wannan ba ya buɗe ta wancan. Disney yana da dandali huɗu: Magic Kingdom, Epcot na 1982, Hollywood Studios na 1989 da Animal Kingdom na 1998, ga wuraren wasan ruwa biyu, duk a kan filin da ya kai kusan murabba'in kilomita 100. Universal yana da Universal Studios na 1990, Islands of Adventure na 1999, wurin wasan ruwa na Volcano Bay, sai auta, Epic Universe, da aka buɗe a watan Mayun 2025. Daga wannan gida zuwa wancan minti 20 zuwa 30 ne a mota idan babbar hanyar I-4 ta yarda, kuma ba kullum take yarda ba.

To wanne ya fi?

Ku ɗauko tef ɗin tela ku auna yaranku, sannan mu yi magana. A nan ba a tambayar shekarun yaro a bakin lilo, sanda ce a kafe, ko kansa ya taɓa ko bai taɓa ba. Manyan jiragen juyi na Universal suna son dogo: Hulk santimita 137, VelociCoaster 130, babur ɗin Hagrid 122. A Magic Kingdom kuwa Space Mountain 112 ne, kuma akwai tarin abubuwan hawa da ko jariri na goye za a shiga da shi. Idan yawancin yaranku ba su kai 120 ba, Disney. Idan 'yan sakandare ne masu son a juya musu hanji, Universal, kuma kada ku ɓata musu kwana uku wajen ɗaukar hoto da ɓera mai jan wando.

Kwana huɗu gare mu, muna son mu ga duka.

Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Dandali ɗaya, yini ɗaya. Zaɓi gida ɗaya ku zauna a cikinsa, domin tikitin kwanaki da yawa yana sauka a kowace rana da aka ƙara, amma idan kun raba biyu nan biyu can, kun biya mafi tsadar kwanakin sau biyu.

Nawa ne?

Tikitin yini ɗaya ya haura dala 100 ga mutum ɗaya, kuma farashin yana bin kalanda. Yaron da bai cika shekara 3 ba kyauta ne. Daga 3 zuwa 9 akwai ɗan ragi da bai taka kara ya karya ba. Ɗan shekara 10 babba ne a wurinsu. Ajiye mota dala 30 ko fiye. Kada ku mayar da shi naira a gabana, na san abin da za ku ce.

Akwai wani da ya ce zai samo mana tikiti da araha.

Ku bar shi da tikitinsa. Ragowar tikitin wani ba ta aiki, domin a ƙofa ana haɗa tikiti da yatsan mai shi ko fuskarsa. Masu rumfunan bakin titi da ke rubuta rabin farashi kuma, da yawansu so suke su zaunar da ku awa biyu ko uku suna tallata muku hannun jari a gidajen hutu. Araha ba ta ado. Ku saya a shafin kamfanin.

Mu biya kuɗin tsallake layi? Kuma ina za mu kwana?

Waɗannan tambaya ɗaya ce, ita ce kuma kaɗai nake jin nauyin amsawa, domin duk abin da na faɗa akwai iyalin da ba zai dace da su ba.

A Disney abin sunansa Lightning Lane. Da can kyauta ake bayar da irinsa, yanzu saye ake yi. Kuna biya, ku zaɓi abubuwan hawa uku da lokacin kowanne a manhajar waya, in kun yi amfani da na farko ku sake kama wani. Waɗanda kowa ke rububi, irin TRON da Rise of the Resistance, ba sa cikin wannan kunshin, kuɗinsu daban. Wanda ya sauka a otal ɗin Disney yana fara zaɓa tun saura kwana 7, na waje sai saura kwana 3, kuma sau da yawa kafin na waje ya shigo an kwashe lokutan safe. Ma'ana dole a samu mutum ɗaya a gidan da zai yini kansa a sunkuye kan waya. In akwai ɗiya ko ɗa mai wannan haƙurin, a Magic Kingdom da Hollywood Studios ina ganin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. A Animal Kingdom da Epcot ni ba na saye, sai dai in lokacin cunkoso ne. In kuwa Alhaji ne zai riƙe wayar alhali WhatsApp ma sai an buɗe masa, a bar kuɗin a aljihu.

A Universal sunansa Express, kuma ya fi sauƙin sha'ani: babu zaɓen lokaci, ka nuna kawai ka bi gajeren layi. Amma tsadarsa kan kai kuɗin tikitin shiga, wani lokaci ta wuce, kuma ba kowane abin hawa ne ke karɓarsa ba, jerin yana canzawa. A nan ne maganar otal ta shigo. Otal uku na Universal, wato Portofino Bay, Hard Rock da Royal Pacific, suna ba duk wanda ke cikin ɗakin Express mara iyaka, har da ranar shiga da ranar fita. Kwana ɗaya, Express na yini biyu. Ga iyali na mutum huɗu ko biyar, ɗakin da kuka ga farashinsa kuka riƙe baki yana iya fin sayen Express ɗai-ɗai araha. Sai dai, na ɗaya, ɗaki na yau da kullum mutum biyar yake ɗauka, mu kuma mun san yadda muke tafiya, da inna da ƙanwar Hajiya da mai raino, to ɗaki biyu ke nan, lissafi ya canza. Na biyu, wannan garaɓasar ba ta shafi Epic Universe ba, tsofaffin dandali biyun kawai take aiki. Na uku, idan a watan Satumba za ku zo, ranar Talata, layukan ma ba su kai a biya musu kuɗi ba.

Ga manyan iyalai, sau da yawa gidan haya mai ɗakuna huɗu a Kissimmee, garin da ke kusa da Disney, da kicin da Hajiya za ta dafa abin da yara suka saba, ya fi komai. Amma sai da motar haya, sai da mai lasisin da zai iya tuƙi a nan, ga kuɗin ajiye mota kullum, kuma kun rasa shigar wuri da ake ba baƙin otal: minti 30 a Disney, har zuwa awa ɗaya a Universal. A Magic Kingdom ma ba a ajiye mota a bakin ƙofa, sai kun hau jirgin ƙasa na sama ko na ruwa kun tsallaka tafki, wannan kaɗai ya ci muku rabin awa.

Abin da nake yi da baƙina, in sun saurare ni: mu isa ƙofa minti 45 kafin buɗewa, mu nufi abin da ya fi layi kai tsaye. A awa biyun farko mukan hau abin da wanda ya zo da hantsi zai yini bai hau ba. Kun yi sammako, za ku tarar wani a tafe ya kwana, duk da haka ya fi. Amma na san mutanena. In kun san ba za a gama wanka da shafa da neman takalmin auta kafin ƙarfe 10 ba, kada ku yaudari kanku, ku biya kuɗin.

Wane wata ya fi?

Ku guji mako tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, da ƙarshen Nuwamba, da hutun Maris zuwa Ista. Ƙarshen Janairu da farkon Fabrairu akwai sanyi mai daɗi da ƙarancin jama'a. Ƙarshen Agusta da Satumba ma jama'a na raguwa don yaran Amurka sun koma makaranta, sai dai tsakiyar lokacin guguwa ne, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba.

Mu da muka saba da zafin Kano?

Haka wani baƙona ya ce. Ya fito ranar farko cikin shadda mai sitaci, 'yar ciki da babbar riga, hula a karkace, takalmi sau-ciki. Watan Yuli. Zafin Kano busasshe ne, na nan jiƙaƙƙe, kamar an rufa maka bargon da aka tsoma a ruwan zafi. Kafin azahar babbar riga ta koma cikin keken jariri, shadda ta manne a baya, Alhaji yana tsaye a shago yana ƙirga daloli a kan riga mai hoton agwagwa. Yadi mara nauyi, takalmin da aka saba tafiya da shi, domin za ku taka kilomita 10 ko fiye. Da la'asar kuma a damina kusan kullum sai an yi tsawa da ruwa. Ku sayi rigar ruwa ta leda a babban kanti tun a gari. Kada ku gudu gida, yawanci bai daɗewa, kuma bayan ya ɗauke layi yakan ragu.

Hijabi fa?

Ba mai hana ki. Sa wanda ke zama daram, ki cusa bakinsa cikin riga. Mayafi mai tashi, hula, waya da makullai, a manyan jiragen Universal dole a zuba su a akwatin ajiya, wasu ma sai an bi ta na'urar gano ƙarfe. Ƙaramin akwatin kyauta ne na lokacin hawan.

Butterbeer ɗin nan giya ce?

Ba giya ba ce, abin sha ne da ake sayarwa a sashen Harry Potter na Universal. Zaƙi ne kawai da kumfa. Kofi ɗaya ya ishi mutum biyu.

Abinci?

Disney yana barin a shiga da abinci daga gida, Universal kuwa ruwa da ɗan abin taɓawa da abincin jarirai kawai. Kifi da abincin ganye suna ko'ina. Naman yanka sai kun tambaya tun kafin ku zauna, kada ku ɗauka. Ƙatuwar cinyar talotalon da kowa ke yawo da ita talotalo ce da gaske, amma ba ku san wanda ya yanka ba. Ruwan ƙanƙara a kofi kyauta ne a wuraren sayar da abinci na tsaye, ku roƙa. A wurin da aka zaunar da ku aka kawo muku, ana barin kashi 18 zuwa 20 na kuɗin ga mai hidima. Ku bayar, kada ku ja mana magana.

A ina za mu yi salla?

Ku je ofishin kula da baƙi da ke kusa da ƙofar shiga, za su nuna muku wuri mai natsuwa. Ku riƙe ƙaramar darduma a jaka. Hasumiyar da za ku hango a Epcot ba masallaci ba ce, kwaikwayon ta Kutubiyya ce ta Marrakesh, a sashen Maroko da aka buɗe a 1984, wanda Sarki Hassan na Biyu ya turo magina suka ƙawata. Na ga mai alwala ya nufe ta da sauri. Masu lissafin ƙasaru kuma su tuna, a Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu ya zama mazauni.

Jaririn fa, wa zai riƙe in za mu hau?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Gidajen biyu duk suna da tsarin musanya: ɗaya ya hau, ɗaya ya riƙe yaro, sannan ku canza ba tare da sake bin dogon layi ba. Ki faɗa wa ma'aikacin bakin layi kawai.

Yarana Harry Potter kawai suke so.

Universal ke nan, Disney ba shi da shi. An raba shi wuri uku: Hogsmeade a Islands of Adventure, Diagon Alley a Universal Studios, sabon sashe a Epic Universe. Jirgin ƙasan da ke haɗa biyun farko ba ya ɗaukar mai tikitin dandali ɗaya, sai mai na shiga biyu a yini guda. Na taɓa tsayawa a bakin tashar nan da yarinya 'yar shekara 11, sanda a hannu, tana hawaye, ubanta yana kallona kamar ni na sayo tikitin. Na faɗa masa tun a waya.

Biza?

Ba ni ke bayarwa ba. Kada ku sayi tikitin shiga kafin ta fito, ba a mayar da kuɗi.

Za mu iya sauka a gidanka?

Ɗaki biyu gare ni da yara uku. Zan zo filin jirgi in tarbe ku, in kun taho min da kilishi da yaji.