Ƙurajen Fuska da Tabon da Suke Bari

Ƙurajen fuska, waɗanda likitoci ke kira acne vulgaris, cuta ce ta ramukan gashi da 'yan jakunkunan maiƙon da ke manne da su a cikin fata. Ba a fuska kaɗai suke tsayawa ba. Sukan feso a ƙirji da kafaɗu da wuya da gadon baya, domin a nan ne jakunkunan maiƙo suka fi yawa. Wani babban bincike kan cututtukan duniya na shekarar 2010 ya ƙiyasta cewa kashi 9.4 cikin 100 na mutanen duniya na fama da su, abin da ya sa suka zo na takwas a jerin cututtukan da suka fi yaɗuwa. A tsakanin masu shekara 12 zuwa 24 kuwa, kusan kashi 85 cikin 100 sukan yi su, ko da kaɗan ne. Yawanci suna lafawa bayan ƙuruciya, amma akwai waɗanda suke binsu har shekara 30 ko 40, musamman mata. Ba a ɗaukar su daga wani, kuma ba ƙazanta ke kawo su ba.

Yadda ƙurji ke samuwa

Kowane ramin gashi yana da jakar da ke tatso maiƙo, maiƙon ya biyo ramin ya fito saman fata ya hana ta bushewa. Idan yaro ko yarinya suka fara balaga, sinadaran jiki da ake kira androgen sukan ƙaru, su sa jakunkunan nan su girma su riƙa fitar da maiƙo fiye da da. A lokaci guda, matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su zube sai su manne da juna a bakin ramin. Maiƙo da matacciyar fata su cakuɗe, ramin ya toshe. Kamar magudanar ruwa ce da shara ta tare bakinta: abin da ke tahowa daga baya ba ya fasa tahowa, sai dai ya taru.

Idan bakin ramin a rufe yake, sai a ga ɗan farin ƙullutu mara zafi. Idan a buɗe yake, sai a ga baƙin ɗigo, irin wanda ke cika saman hanci. Mutane da yawa sun ɗauka dauɗa ce ta maƙale, alhali iska ce ta taɓa abin da ke cikin ramin ya rine. Shi ya sa dirza ba ta fitar da shi.

A cikin toshasshen ramin akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a fatar kowa, mai suna Cutibacterium acnes, wadda kafin 2016 ake kira Propionibacterium acnes. Tana son wuri mai maiƙo da ƙarancin iska, don haka sai ta hayayyafa. Garkuwar jiki ta taso mata, wurin ya kumbura ya yi zafi. Daga nan ne ake samun ƙurji mai ja, da wanda ya ja ruwa ya yi farin kai na mugunya. Idan bangon ramin ya fashe ta ciki, abin da ke ƙunshe ya watsu a ƙarƙashin fata, sai a sami manyan ƙulluttai masu tauri da raɗaɗi, waɗanda kan yi makonni ba su nuna kai ba. Su ne suka fi barin rami a fuska. Duk wannan aiki yana ɗaukar makonni kafin ido ya gani, saboda haka ƙurjin da ya bayyana da safe ba abincin daren jiya ya kawo shi ba.

Abin da ke tayar da su

Gado na da ƙarfi a nan. Wanda iyayensa suka yi fama da manyan ƙuraje ya fi kusa da yin irinsu. Bayan gado sai sauyin sinadaran jiki. Mata da yawa sukan ga ƙuraje sun feso a haɓa da muƙamuƙi 'yan kwanaki kafin jinin al'ada, wasu kuma lokacin da suke da juna biyu. Matar da ƙurajenta suka haɗu da rikicewar al'ada da tsirowar gashi a haɓa ko ƙirji ya kamata a duba ta, don hakan na iya zama alamar cutar PCOS, wadda ke shafar aikin ƙwan mace.

Wasu magunguna ma suna kawo su: steroid na sha ko na shafawa, alluran da masu son tara ƙwanji ke yi, lithium, wasu magungunan farfaɗiya, da isoniazid na tarin fuka. Man gashi mai kauri yakan gangaro ya toshe ramukan goshi da gefen kunne, har a ga ƙananan ƙuraje sun yi layi a bakin gashi kaɗai. Haka duk abin da ke gogar fata yana riƙe gumi, irin su hular kwano, takunkumin fuska da igiyar jakar goyo. Damuwa da rashin barci ba su ne tushen cutar ba, amma sukan rura ta.

Batun abinci ya fi kowanne jawo gardama. Abin da bincike ya fi karkata gare shi shi ne abincin da ke saurin ɗaga sukarin jini, kamar lemon kwalba da kayan zaƙi da farar fulawa, yana ƙara tsananin ƙuraje ga wasu. An kuma ga alaƙa da madarar shanu, musamman wadda aka cire wa mai. A 2002 an wallafa wani nazari da ya duba mutum 1,200 a tsibirin Kitava na Papuwa Niugini da mutum 115 na ƙabilar Ache a Faragwai, waɗanda ba su cin abincin masana'anta, ba a kuma sami mai ƙurajen a cikinsu ba. Nazarin bai tabbatar da cewa abinci ne kaɗai dalili ba, domin gado da yanayin rayuwa su ma suna ciki. Rage zaƙi na iya taimakawa, amma bai isa ya maye gurbin magani ba.

Tabo

Ga mai duhun fata, sau da yawa ba ƙurjin ne abin damuwa ba, baƙin tabon da ya bari ne. Ƙurji kan yi mako guda ya baje, tabonsa ya yi wata shida ko shekara yana nan. Dalili shi ne kumburi na zaburar da ƙwayoyin da ke samar da launin fata, su zuba launi fiye da ƙima a daidai wurin. Idan launin ya tsaya a saman fata, yakan dushe da kansa a hankali. Idan ya nutse ƙasa, sai ya yi toka-toka, kuma yana iya kai shekaru.

A nan ne matsa ƙurji ke yin ɓarna. Wanda ya tsaya gaban madubi ya sa farce biyu ya danna, yana ganin abin da ya fito waje ne kawai. Bai ga wanda ya tura ciki ba, bai kuma ga bangon ramin da ya fasa ba. Washegari wurin ya fi jiya kumbura, bayan mako biyu kuma ga baƙin tabo da ya fi ƙurjin faɗi. Rana ma tana ƙara rina shi.

Tabo na biyu shi ne wanda ya canza siffar fatar: ramuka, ko tudu mai tauri. Wani tudun yakan wuce iyakar inda ƙurjin ya tsaya ya ci gaba da girma, shi ne keloid, kuma ya fi samun masu duhun fata, musamman a ƙirji da kafaɗa da muƙamuƙi. Irin wannan ba ya dushewa da man shafawa.

Babban haɗarin da masu tabo ke faɗawa shi ne man bilicin. Yawancin waɗanda ake haɗawa ba bisa ƙa'ida ba suna ɗauke da steroid mai ƙarfi irin clobetasol ko betamethasone, wasu da hydroquinone mai yawa, wasu har da sinadarin makyuri da ke illata ƙoda da jijiyoyi. A makonnin farko fuska kan yi haske ta yi sumul, mai shafawa ya ji daɗi. Daga baya fatar ta yi siriri, jijiyoyi su fito, sababbin ƙuraje masu kama da juna su feso gaba ɗaya. Hydroquinone kuma idan aka daɗe ana shafa shi yana iya barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar magani ƙwarai. Abin takaici ne mutum ya je neman goge tabon wata shida ya dawo da na shekaru. Man goge baki da ruwan lemon tsami da wasu ke ɗiga wa ƙurji su ma ƙona fata suke yi, ƙunar kuma ta bar nata tabon.

Masu kama da su

Ba kowane ƙurji a fuska ne wannan cuta ba. Ƙurajen aski gashi ne da ya lanƙwashe ya koma cikin fata, kuma sun fi damun masu murɗaɗɗen gashi. Ƙurajen zafi toshewar hanyar gumi ce. Akwai kuma ƙanana masu ƙaiƙayi a ƙirji da baya waɗanda ƙwayar fungi ke kawowa, maganin bakteriya ba ya yi musu komai, wani lokaci ma ƙara su yake yi. Duhun da ke shimfiɗuwa a kumatu da goshi lokacin juna biyu, wato melasma, shi ma daban yake.

Magani

Tushen kulawa ba shi da wuya. A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mai laushi da tafin hannu, ba da soso ba, a kuma wanke bayan an yi gumi sosai. Yawan wanki yana busar da fata ya tayar da kumburi. A zaɓi man shafawa mara nauyi wanda ba ya toshe ramuka, a goge kwalliya kafin a kwanta. Man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama yana da amfani har ga mai baƙar fata, domin yana hana tabo ƙara duhu.

Ga ƙuraje marasa tsanani, benzoyl peroxide na kashe bakteriya, kuma ba ta sabawa da shi. Ana samunsa daga kashi 2.5 zuwa 10 cikin 100, mai ƙaramin ƙarfin yana aiki kusan daidai da babban ba tare da yawan ƙona fata ba. Yana koɗar da launin tawul da rigar matashin kai. Salicylic acid na buɗe ramukan da suka toshe. Dangin retinoid, wato magungunan da aka samo daga bitamin A, irin adapalene da tretinoin wanda aka amince da shi a Amurka a 1971, su ne ginshiƙin magani, domin suna hana toshewar tun daga farko, suna kuma rage baƙin tabo. Ana shafa ɗan kaɗan da dare a duk wurin da ƙuraje ke fitowa, ba a kan ƙurjin kawai ba, a fara da tsallake kwana har fata ta saba. Azelaic acid na da amfani biyu, yana rage ƙuraje yana kuma dusar da tabo, kuma yana cikin waɗanda likitoci kan bari mai juna biyu ta shafa. Retinoid kuwa ba nata ba ne.

Idan abin ya fi haka, likita kan ƙara maganin bakteriya na sha kamar doxycycline na wata 3 zuwa 4, tare da na shafawa, ba shi kaɗai ba, don kada ƙwayoyin cuta su bijire masa. Ba a ba mai juna biyu ko ƙaramin yaro shi. Wasu mata kan amfana da wasu nau'o'in ƙwayar tsarin iyali ko spironolactone. Manyan ƙulluttai masu barin rami kuwa, isotretinoin ne maganinsu, wanda ya shiga kasuwa a Amurka a 1982. Yana tsuke jakunkunan maiƙo, kuma da yawa ba sa sake yin manyan ƙuraje bayan watannin shansa. Sai dai yana busar da leɓe da fata sosai, kuma yana jawo mummunar nakasa ga ɗan tayi, don haka ba a shansa sai ƙarƙashin kulawar likitan fata, kuma dole mace ta kauce wa ɗaukar ciki tana sha da aƙalla wata guda bayan ta gama.

Abin da ya fi kayar da masu magani shi ne gajen haƙuri. Kusan duk waɗannan magunguna suna bukatar mako 6 zuwa 8 kafin a ga sauyi, cikakken amfaninsu kuma sai wajen mako 12. Wanda ke sauya mai duk bayan kwana goma ba zai taɓa sanin wanda ya karɓe shi ba. Bayan fuska ta washe ma akan ci gaba da shafa retinoid don kada su dawo.

Bai kamata a jinkirta ganin likita ba idan ƙurajen manya ne masu zafi, ko sun fara barin rami, ko an yi wata uku ana magani babu sauƙi. Haka idan sun sa matashi ya daina shiga mutane ko ya shiga ƙunci, domin wannan ma dalili ne na magani, ba raki ba ne. Ramukan da suka riga suka zauna ana rage su da hasken leza ko ƙananan allurai ko sinadarin saɓule fata, amma sai bayan ƙurajen sun lafa, kuma a hannun wanda ya san duhun fata, don aikin da aka yi da ƙarfi shi ma yana barin baƙin tabo. Keloid kuma allurar steroid ake yi masa a cikin tudun. Yanke shi kawai ba tare da wani magani ba yakan sa ya dawo, wani lokaci ma fiye da girmansa na farko.